Fitilun da ke jerin gwano a samanmu: na wa ne, wa ke riƙe da makullinsu?

Kwanakin baya, bayan an sallame sallar magariba, muna tsakiyar shirinmu na farashin kasuwanni, sai wayar gidan rediyo ta shiga ƙara ba ƙaƙƙautawa. Wanda muka fara ɗauka wani dattijo ne mai saida goro, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce: "Malam, ku aje zancen tiyar hatsi, ku fito ku dubi sama." Bayansa sai wata Hajiya mai tuyar ƙosai, murya na rawa, ta ce taurari ne suka yi sahu kamar ayarin raƙuman gishiri, suna ta tafiya ba sa tsayawa, ita dai ta kashe wuta ta tara yaranta. Wani saurayi ɗan kabu-kabu kuwa cewa ya yi babu wata tantama kuramen jiragen soja ne suka fito sintiri. Muka sa kiɗa, muka fita tsakar gidan rediyon, muka gani da idonmu: fitilu ƙanana sun fi ashirin, ɗaya na bin ɗaya, babu ƙara babu hayaƙi, cikin minti uku ko huɗu suka ɓace.

Abin da muka gani a daren nan hajar wani ɗan kasuwa ce. Taurarin ɗan Adam ne na Starlink, mallakar kamfanin SpaceX na attajirin nan Elon Musk a ƙasar Amurka. Roka ɗaya kan ɗauki ashirin da wani abu ta sauke su a sama lokaci guda, su yi ƴan kwanaki suna tafiya a jere kafin kowanne ya kama layinsa. Hasken ma ba nasu ba ne, na rana ne: mu nan ƙasa ta faɗi, su can sama tana kan dukansu, shi ya sa ba a ganinsu sai bayan magariba ko gabanin asuba. Nisan da suke aiki a kai kimanin kilomita 550 ne, wato bai ma kai tafiyar Maraɗi zuwa Yamai ba, da a ce akwai hanya mai miƙewa sama. Gudun ne abin tsoro, kusan kilomita 27,000 a awa guda. Tafiyar da bas ke wuni yana yi daga Yamai zuwa Damagaram, su cikin minti biyu sun gama da ita. An harba rukunin farko na guda 60 a watan Mayun 2019, zuwa 2025 sun haura 7,000, sun fi duk sauran taurarin da ke aiki a sama yawa ko da an haɗa su wuri ɗaya.

Wata za ta ce, to ni mai saida tattasai da daddawa ina ruwana da abin da ke yawo a sama? Da ruwanki, Hajiya. Kuɗin da ɗanki ke turo miki daga Kwatano ko Tamanraset, da hasashen damina da kike ji a rediyo, da direban da ke kawo miki kaya daga arewa bai ɓata ba, duk akwai hannun waɗannan ƙarafuna a ciki. Kowane ɗan kasuwa kuma ya san bambancin mai shago da mai haya. To a wannan kasuwa ta sama, mu ƴan haya ne, kuma ya kamata mu san masu shagunan.

Asalin abin na soja ne

Tun farko ba don ciniki aka hau sama ba. Ran 4 ga Oktoban 1957, lokacin ko ƴancin kai ba mu samu ba, Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko mai suna Sputnik, nauyinsa kilo 83, bai kai buhun hatsi ba. Abin da ya tada hankalin Amurka ba tauraron ba ne, rokar da ta ɗauke shi ce, don an ƙera ta ne domin kai bam daga wannan nahiya zuwa waccan. Daga nan gasa ta kankama tsakanin manyan ƙasashen biyu.

Ƙasar Hausa ma ba a bar ta a baya ba a wannan labari, ko da yake matasa da yawa ba su sani ba. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta kafa tasha a Kano don bin sawun kumbunanta. Ran 20 ga Fabrairun 1962, da ɗan sama jannati John Glenn ya zagaya duniya sau uku, ya yi magana da tashar Kano, ya ce musu yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, suka ce masa ai iska ta yi mako guda tana kaɗawa. Hazonmu na hunturu ke nan, wanda ke fasa mana leɓe, shi ya gani daga can. A watan Agustan 1963 kuma, wayar farko da shugabannin ƙasa biyu suka taɓa yi ta tauraron ɗan Adam, tsakanin John Kennedy ne da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Faransa ita ma tauraronta na farko daga cikin Sahara ta harba shi, a Hamagir ta ƙasar Aljeriya, a Nuwamban 1965.

Babban misali shi ne GPS, wannan da ke cikin kusan kowace salula yana nuna wa mutum inda yake tsaye. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta fara aikinsa a 1973, aka harba na farko a 1978. Taurari ne kimanin talatin a nisan kilomita 20,200, kowanne ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, ba abin da yake yi sai faɗin lokaci da inda yake. Salularka in ta ji muryar guda huɗu, sai ta auna wanne ya riga wanne isowa, ta fid da wurin da kake. A 1983 wani jirgin fasinjan Koriya ta Kudu ya ɓata hanya ya shiga sararin Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka mutu, shugaba Reagan ya ce za a bar farar hula su ma su yi amfani da GPS. Amma fa an ba su ne da algus: da gangan sojan Amurka ke gurɓata saƙon yadda zai iya kuskurewa da mita ɗari, su kuma suna riƙe da mai kyan. Sai a Mayun 2000 shugaba Clinton ya sa aka daina. Har gobe rundunar sojan Amurka ce ke tafiyar da shi, kyauta muke sha, ba mu biya ko dala. Rasha da Sin da Tarayyar Turai ba su yarda su zauna a kan kyautar wani ba, kowa ya kashe maƙudan kuɗi ya harba nasa: GLONASS, BeiDou da Galileo.

Wanda ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Dirku ko Arlit zuwa iyakar Aljeriya ba sai an yi masa dogon bayani ba. Can babu eriya, babu rezo, daga Allah sai GPS da wayar Thuraya, wadda ita ma kai tsaye take magana da tauraro. Mutanen Kance ba za su manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da motoci biyu suka lalace a arewacin Arlit, aka tsinci gawa 92, mafi yawansu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su a kan hanyar neman abinci. Allah ya jiƙansu. A irin wannan wuri, kira guda ɗaya da lambobin da ke nuna inda mota ta tsaya su ne tsakanin mutum da ajalinsa.

Tauraro da tiyar hatsi

Mu dawo kasuwa. A nisan kilomita 36,000, saitin tekun da ke kudu da Gana, akwai taurarin Meteosat na Turawa. Su a wannan nisa tafiyarsu ta zo daidai da juyawar duniya, sai ka ga kamar a tsaye suke, shi ya sa ma in aka saita kwanon parabol sau ɗaya ba a sake taɓa shi. Dare da rana suna ɗaukar hoton gajimare a kan Afirka. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET da ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan babban farin nan da iyayenmu ke ba da labari, akwai kuma ACMAD. Aikin ma'aikatansu shi ne karanta irin waɗannan hotuna tare da abin da aka auna a ƙasa, su ce ga inda ruwa ya sauka, ga inda shuka ta yi kore, ga inda ciyawa ta ƙone, ga inda fara za ta iya ƙyanƙyasa. Tun kafin a yi girbi a Dakoro ko Tanut, akwai wanda ya san yadda rumbuna za su kasance.

Nan ne abin ya shafi aljihu. Babban ɗan kasuwar da ke samun wannan labari a watan Agusta ya san ko ya saki hatsin da ya ɓoye ko ya ƙara saye. Ƙaramar ƴar kasuwa kuwa sai tiya ta tashi take ji. Mu da muke karanta farashi a rediyo kowane mako mun daɗe da lura cewa labari shi kansa jari ne. Wata malamar jami'a Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shigowa gari bayan gari, ta gano cewa inda rezo ya isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake, mutum ya daina ɗaukar kaya ya tafi da ka, sai ya buga waya ya ji. Hatta diyyar fari ana biya da shaidar tauraro: a farkon 2015 asusun inshorar Tarayyar Afirka mai suna ARC ya biya Nijar dalar Amurka miliyon uku da rabi, bayan lissafin ruwan sama da aka yi daga sama ya nuna daminar 2014 ta gaza.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Tun 1985 akwai wani tsarin gargaɗin yunwa mai suna FEWS NET, wanda Amurka ke biya, ƙungiyoyin agaji da hukumomi da dama na dogaro da shi. A ƙarshen Janairun 2025, da sabuwar gwamnati ta hau a Washinton ta dakatar da kuɗin agaji, sai aka wayi gari an rufe shi. Ya dawo bayan wasu watanni, amma a tsakani babu wanda ya nemi shawarar manomin Mayahi.

Idon da ke Agadas

Saurayin nan ɗan kabu-kabu da ya ce kuramen jirage ne, bai yi wauta ba, ya san ƙasar da yake ciki. Shekara da shekaru samanmu na ɗauke da jirage marasa matuƙi. Amurka ta gina sansani mai lamba 201 a gefen Agadas, ya ci kimanin dala miliyon 110, ba dalarmu ta tamma biyar ba, ta Amurka, wato sama da miliyar 60 na sefa. Ya fara aiki a 2019 da jirage samfurin Reaper, masu fukafukai mita 20, masu iya yin kwana da wuni a sama ba su sauka ba. Irin wannan jirgi, da zarar ya tashi, ta tauraron ɗan Adam ake tuƙa shi, matuƙin na iya kasancewa a zaune cikin ɗaki mai sanyi a wata nahiya, hoton da jirgin ya ɗauka ma ta tauraro yake bi ya isa gare shi. Ke nan wanda ba shi da tauraro, abin da aka ga dama aka nuna masa shi zai gani, ko da a kan ƙasarsa aka ɗauka.

Sojan Faransa sun gama fita a Disamban 2023. Ran 16 ga Maris 2024, Kanal Amadou Abdramane ya karanta sanarwar soke yarjejeniyar soja da Amurka, ran 5 ga Agusta suka miƙa sansanin Agadas, zuwa tsakiyar Satumba sun kwashe. Tun 2022 kuwa Nijar ta sayi nata jiragen, Bayraktar TB2 na Turkiyya, kamar yadda Mali da Burkina Faso da Najeriya suka yi. Sun fi na Amurka araha nesa ba kusa ba, amma samfurin da aka saba da shi daga tashar ƙasa ake sarrafa shi ta igiyar rediyo, ba ya wuce wasu ɗaruruwan kilomita daga mai riƙe da linzaminsa. Ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000 kuwa ba wasa ba ce.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa, ko da ba daɗi. Jirgi na gani, amma bai san mutane ba. Daga sama, cincirindon ranar kasuwa da taron ƴan bindiga duk ɗigo-ɗigo ne a kan allo, babura goma da suka jero daga cin kasuwar ƙauye ba su da bambanci da babura goma na ɓarayin daji. A daren 3 ga Disamban 2023, a Tudun Biri ta jahar Kaduna, jirgi mara matuƙi na sojan Najeriya ya jefa bam a kan masu taron Mauludi, aƙalla mutum 85 suka rasu, rundunar da kanta ta amsa cewa kuskure ne. Ba mu kawo wannan don zargin kowa ba, ƴaƴanmu ne ke cikin kakin nan, kuma jiragen sun ceci rayuka a wurare da yawa. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na'ura ba ta maye gurbin mai gari da sarkin kasuwa da za su ce wa soja: yau Talata ce, kasuwarmu ke ci.

Wanda ke iya kashe fitila

Ƴan kasuwar Nijar sun fi kowa sanin ma'anar dogaro da makullin wani. A farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse kuran, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da muke sha daga can take zuwa. Masu ƙanƙara, masu niƙa, teloli, masu walda, kowa ya ɗanɗana, ga iyaka a rufe, kaya na ruɓewa a Ƙonni da Dan Isa da Gaya. Ba a daɗe da buɗe iyaka ta ɓangaren Najeriya ba, ran 14 ga Maris 2024, sai manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa. Mu da ba mu da teku, ta ƙasashen gaɓa intanet ɗinmu ke biyowa, sai ga shi abin da ya faru a ƙasan ruwa ya taɓa mai jiran saƙon kuɗi a Tawa.

A irin wannan rana ake gane amfanin tauraro, don shi ba ruwansa da iyaka ko duwan ko wayar da ta tsinke. Yaƙin Yukren ya nuna haka ƙarara. Ran 24 ga Fabrairun 2022, sa'a guda kafin tankokin Rasha su shiga, an kai hari ta kwamfuta a kan tsarin tauraron kamfanin Viasat da sojan Yukren ke amfani da shi, dubban na'urori suka mutu, har injinan iska 5,800 masu ba da wuta a Jamus suka rasa hanyar sadarwarsu, su da ba su ci ba ba su sha ba. Cikin ƴan kwanaki Starlink ya shiga ya toshe ɓarakar, sojan Yukren suka rungume shi. To amma a Satumban wannan shekara, da suka nemi a kunna musu shi a yankin Kirimiya don kai wa jiragen ruwan Rasha hari, Elon Musk ya ƙi, kuma shi da kansa ya faɗi haka daga baya. Ko ya yi daidai ko bai yi ba, wannan wata magana ce. Abin lura shi ne mutum guda, ɗan kasuwa, ba zaɓaɓɓe ba, ba janar ba, ya yanke hukunci a tsakiyar yaƙin ƙasashe biyu.

Na Sudan ya fi kusa da mu, don muna da dangi a can. Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, a Fabrairun 2024 kuma rezo ya ɗauke a kusan duk ƙasar. Kuɗin hannu sun yi wuya, mutane da yawa da manhajar banki mai suna Bankak suke karɓar abin da ƴan'uwa suka turo su sayi abinci. Sai aka koma shigo da kwanonin Starlink ta ɓarauniyar hanya, a kafa a kasuwa, mata da maza su yi layi su biya kuɗin awa guda don kawai su ga ko saƙo ya shigo. A yankunan da dakarun RSF ke riƙe da su, sau da yawa su ne masu kwanon ko masu karɓar haraji a kansa. Na'urar da ke ciyar da marayu ita ce kuma ke ciyar da masu bindiga.

Mu ma nan kwanonin sun riga takarda isowa. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da Starlink ya fara aiki, a Janairun 2023, kuma duk wanda ya san tsakanin Maraɗi da Katsina ko Magarya da Daura ya san abin da ya shiga can ya shigo nan. Mali ta haramta shi a Maris 2024 don tsoron kada ya faɗa hannun ƴan ta'adda, ta ɗage haramcin a Oktoba. Nijar ta zaɓi ta ba shi lasisi: an sa hannu a ƙarshen Oktoban 2024, ya fara aiki a hukumance a Maris 2025. Gaskiya ya kawo sauƙi. Ƙauyen da sai an hau tudu ake samun rezo, yau matashi na iya kafa kwano da faranti mai ɗaukar hasken rana ya riƙa saida tikitin wifi, dillalin albasa a gonakin Galmi ya aika hoton kaya Abijan kafin kamyo ya tashi. Amma kuɗin wata-wata waje suke fita, masu bincike kan harkar tsaro sun sha ba da rahoton cewa ƴan bindigar Sahel ma na amfani da shi, makullin kuma yana Amurka.

Za mu sayi namu

Wannan ne ya sa zancen mallakar tauraro ya taso. A Satumban 2024 ministocin ƙasashen AES uku, Mali da Burkina Faso da Nijar, suka zauna a Bamako da jami'an hukumar sararin samaniyar Rasha. Ran 1 ga Nuwamban 2024 kuma, a Yamai, ministan sadarwa na lokacin, Sidi Mohamed Raliou, ya sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha kan taurari uku: ɗaya na sadarwa, ɗaya na ɗaukar hoton ƙasa, ɗaya kuma na rada, wanda ke gani ko da dare, ko cikin hadari da hazo. An ce ƙera su zai ɗauki shekara huɗu, kafin nan za a yi hayar irinsu. Wanda ya ga ambaliyar 2024, da ta kashe sama da mutum 300 ta kuma rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ba zai ce ƙasar nan ba ta bukatar ido a sama ba.

Niyya mai kyau ce. Amma ku ne kuka koya mana cewa ba a sayen raƙumi a cikin duhu, kuma maƙwabta sun riga mu shiga wannan kasuwa. Najeriya ta sayi NigComSat-1 daga Sin, aka harba shi a Mayun 2007 da alkawarin zai yi shekara 15, ya yi wata 18 ya mutu, farantansa masu ɗaukar hasken rana ne suka lalace. Allah ya sa akwai inshora, aka ƙera wani aka harba a Disamban 2011. Tauraron RASCOM na haɗin gwiwar ƙasashen Afirka, wanda aka harba a Disamban 2007, tun a hanya ya fara yoyo, sai da aka sake wani a 2010. Angola kuwa daga Rasha ta sayi nata, Angosat-1, aka harba shi a Disamban 2017, bai yi aikin ko sisi ba ya yi shiru. Rasha ta biya da wani, amma sai a Oktoban 2022, kusan shekara biyar ana jira. Ba cuta ba ce, haka sana'ar take, tauraro in ya lalace babu makanikin da zai hau ya duba. Shi ya sa takardar ciniki ta fi ƙarfen muhimmanci.

Alhajin da zai sayi kamyo ya san tambayoyin da zai yi, su ne kuma ya dace wakilan ƴan kasuwa da ƴan jarida su riƙa yi a nan. Nawa ne, lakadan ne ko bashi, in bashi ne shekara nawa kuma da me za a biya, tunda daga patanti da kuɗin duwan ɗinku zai fito? In ya mutu kafin lokacinsa wa zai ɗauki asara? Tashar da za a riƙa ba shi umarni a Yamai za ta kasance ko a wata ƙasa? Wannan ta ukun ita ce uwa, don wanda ya sayi mota ya bar makulli a hannun dillali, sauya mai gidan haya kawai ya yi. Sannan hotunan da za a ɗauka, na soja ne kaɗai, ko ma'aikatar noma da masu hasashen yanayi da gidajen rediyo za su samu, har labarin ya iso ga mai awo a kasuwar Tasawa a ranar da ya isa ga babban ɗan kasuwa?

Senegal ta bi wata hanya daban. A Agustan 2024 ta harba nata na farko, GaindeSAT-1A, ɗan ƙarami, girmansa bai kai tiya ba, ba zai yi aikin manyan ba. Amma injiniyoyin Senegal ne suka ƙera shi da hannunsu tare da jami'ar Monpeliye ta Faransa, suka koma gida da sana'ar a kansu. Harba ƙananan nan ma ya yi sauƙi tun Disamban 2015, lokacin da SpaceX ya fara dawo da rokarsa ƙasa lafiya don a sake amfani da ita. A da, kamar a ce kowace tafiya Kwatano sai an jefar da kamyo a sayi sabo.

Mu ma ba daga sifiri za mu fara ba. Marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin makamashin hasken rana ne tun lokacin da ƙasashe da yawa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, kuma da hasken rana kowane tauraro ke rayuwa. Akwai makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai, akwai jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. Sai dai lissafin na da ɗan matsi. In aka ƙirga shekara huɗu daga ranar sa hannu, wa'adin taurarin nan uku na cika ne a ƙarshen 2028. Karatun injiniya kuwa shekara biyar ne bayan bak, wato yaron da ya ci jarrabawarsa a shekarar da aka sa hannu, ko bai faɗi aji ko ɗaya ba, sai 2029 zai fito.